Daga Akwatin Wasiƙunku: Fas Daban, Kiredit Daban

  Yau wasiƙu uku ne a gabana. Daga garuruwa daban-daban suka fito, amma kukansu ɗaya ne, wato Turancin da ake faɗin sakamako da shi.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani dattijo manomi a karkarar Ɗanja ta Jihar Katsina, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yarona ya gama sakandare, ya je shagon kwamfuta ya ciro takardar sakamakonsa ta WAEC, ya ce mini ya yi fas a komai, babu inda ya faɗi. Na yi murna, har na sayar da masara buhu biyu don hidimar nema masa jami'a. Sai wani malamin makaranta ya duba takardar ya ce wai ba za a ɗauke shi ba. Shin yaron ne ya yaudare ni, ko kuwa malamin ne yake yi mana baƙin ciki?"

To Baba, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ƙara girma. Kafin komai, ka sassauta wa yaron, ka kuma sassauta wa malamin. Mai yiwuwa ne ƙwarai babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Yaron ya faɗi abin da ya gani a rubuce, malamin kuma ya faɗi abin da ya sani.

Tushen rikicin shi ne, mu Hausawa kalmar "ci" ta ishe mu. Yaro ya ci jarrabawa, ɗan takara ya ci zaɓe, ɗan wasa ya ci ƙwallo, ƙungiyarmu ta ci taku, ta kuma ci kofi. Bature bai yarda da wannan sauƙi ba. Kowane irin ci da kalmarsa, kuma kowace kalma tana da abokiyar tafiyarta, kamar shanun noma da ba a ɗaura wa ɗaya galma shi kaɗai. In ka kama kalma ɗaya ka bar ta kusa da ita, sai ka yi murna a inda ya kamata ka yi jimami.

Mu ɗauki takardar da ke hannunka. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ke shirya wannan jarrabawa a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Matakai tara take ba ɗalibi a kowane darasi. A1 shi ne ƙololuwa, ana ce masa "excellent". B2 "very good", B3 "good". Sai C4 da C5 da C6, su ne ake kira "credit", abin da yara ke ce wa kiredit. Daga nan sai D7 da E8, waɗanda ake kira "pass". Na ƙarshe F9, "fail", wato faɗuwa warwas. Ka lura, a nan ƙaramar lamba ita ce babba: ɗaya ta fi shida, shida ta fi tara. Waɗanda suka yi makaranta tun da daɗewa za su tuna P7 da P8 ake rubutawa a tsofaffin takardu. Su ne dai D7 da E8 na yanzu, riga kawai suka sake.

Saboda haka yaron da ya samu D7 da E8 daga sama har ƙasa, in ya ce "I passed", bai yi ƙarya ba. Bai faɗi ba. Amma jami'a ba fas take nema ba. Dattawan ƙasar Funtuwa da suka kai auduga fuloti a zamanin hukumar ciniki sun san wannan magana sarai: mai lamba ɗaya an karɓi tasa, mai lamba uku ma an karɓa, amma da aka zo biyan kuɗi kowa ya san matsayinsa. Fas auduga ce mai lamba uku. Ba a mayar maka da ita gida ba, iyakarta ke nan.

Abin da jami'o'in Nijeriya suka saba rubutawa shi ne "five credits including English Language and Mathematics". Kiredit biyar, cikinsu har da Turanci da Lissafi. Wannan kalma ta tsakiya, "including", ita ce ta kayar da yara da yawa. Sai ka ga yaro da kiredit bakwai, har da A1 a Hausa da B3 a darasin Noma, amma Turancinsa D7, a ce masa ya dakata tukuna. Don haka Baba, ka sa a karanta maka takardar layi-layi. Ka fara tambayar abin da ke gaban Turanci, sannan abin da ke gaban Lissafi. In ka ji A ko B ko C, alhamdulillahi. In ka ji D ko E ko F, to akwai sauran aiki. Bayan nan a ƙirga sauran darussan da suka dace da fannin da yake son karanta, a ga ko sun cika biyar.

In ba su cika ba, ba ƙarshen duniya ba ne. Ka sa kunne ga wasu kalmomin biyu: "one sitting" da "two sittings", wato zama ɗaya da zama biyu. Makarantu da yawa suna yarda ɗalibi ya haɗa takardu biyu, misali ta WAEC da ta NECO, hukumar da ta fara gudanar da tata jarrabawar a shekarar 2000, ko kuwa ta masu zaman kansu da aka fi sani da GCE. Ya ɗauko Lissafi daga wannan, Turanci daga waccan. Amma wasu fannoni, musamman karatun likita a jami'o'i da dama, sukan ce sai "at one sitting", duk a zama ɗaya. Kuɗin masarar nan, in akwai saura, sake zaman jarrabawa ya fi cancanta da su, ba sayen fom ɗin makarantar da ba za ta dube shi ba.

Tunda mun ambaci zama, bari in kawar da wani ruɗanin. "Sit an exam", "take an exam", da "write an exam" kamar yadda muka fi faɗa a nan ƙasar, duk ma'anarsu ɗaya ce: ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta. Babu ci a ciki. In yaro ya ce maka "I have taken my exam", kada ka ji kalmar ɗauka ka zaci ya ɗauko wani abu. Shuka ce kawai, girbi na gaba.

Sai maganar maki. Turawa kan ce "he scored sixty", ya samu maki sittin. Kada ka taɓa karɓar wannan magana sai an cika maka ita da "out of", wato cikin nawa. Sittin cikin ɗari abin yabo ne. Sittin cikin ɗari huɗu abin kuka ne. In wani ya ce maka ya samu tiya sittin a gonarsa, ai za ka tambaye shi faɗin gonar kafin ka yi masa barka. Jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don kula da shiga manyan makarantu, a kan maki 400 ake yin ta, darasi huɗu kowanne 100. To mai 180 bai ma kai rabi ba, ko da yake lambar tana da girma a kunne. A nan kuwa babbar lamba ita ce babba, saɓanin takardar WAEC. Su kuma 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara suna da tasu kalmar, "aggregate", inda ake tara matakan darussa shida, kuma mai 6 shi ne zakara. Ka ga dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da jin lamba kawai.

Akwai kuma "pass mark" da "cut-off mark", kada a gama su. Na farko shi ne makin da in ka kai shi ba ka faɗi ba. Na biyu shi ne inda makaranta ta ja layi ta ce wanda bai kai nan ba kada ma ya zo. JAMB takan sanar da mafi ƙarancin maki kowace shekara, amma kowace jami'a tana da nata layin, kowane sashe a cikinta ma da nasa, kuma na likitanci da lauyanci sukan yi sama ainun. Ko yaro ya ce "I met the cut-off mark", abin da ya samu shi ne izinin shiga layi. Sai ka ji "offered admission" sannan an ba shi gurbi.

Wani lokaci ba harafi da lamba za ka tarar a gaban darasi ba, sai wata kalma. "Absent" na nufin bai zauna wannan darasin ba, kuma uba yana da ikon tambayar inda aka je ranar. "Withheld" ko "held" na nufin an riƙe sakamakon ana bincike, galibi saboda zargin satar amsa a ɗakin ko a cibiyar baki ɗaya. Riƙewa ba sokewa ba ce. Bayan bincike ana iya sakin sa, a ce "released", ana kuma iya soke shi, a ce "cancelled". A nan ne 'yan damfara ke shigowa, su ce a kawo kuɗi su saki sakamako ko su ɗaga shi. Kada a ba kowa ko kwabo. Shugaban makarantar da yaron ya zauna jarrabawa shi ne ƙofar tambaya.

Wadda ta fi ba ni dariya da takaici lokaci guda ita ce "outstanding". In malami ya rubuta "outstanding performance" a katin yaro, yana nufin ya yi fice, ya zarce tsara. In ka ga "outstanding" a gurbin darasi a takardar WAEC, yana nufin ba a gama aikin wannan darasin ba, bai fito ba tukuna. In kuwa akawun makaranta ne ya rubuto maka "outstanding fees", to bashi ake bin ka. 'Yan kasuwa sun san 'yar'uwarta, "outstanding balance", cikon kuɗin da ba a biya ba. Kalma ɗaya, a nan yabo, a can jira, a can kuma bashi, duk ya danganta da wadda ta zauna kusa da ita.

Masu yara a firamare da ƙaramar sakandare, ku ma ga naku a gurguje. "Promoted" ya wuce aji na gaba. "Promoted on trial" ya wuce amma da ƙyar, gwaji ake yi masa. "To repeat" zai maimaita aji. "Fair" ba kyau ba ne, dama-dama ne. "Can do better" kuwa ladabin malamai ne, abin da suke nufi shi ne yaron yana wasa. In an rubuta "5th", a duba cikin yara nawa.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce shi mai son ƙwallon ƙafa ne, yakan je gidan kallo da dare, amma Turancin masu sharhi yana yi masa sauri. Ya ce sun yi gardama da maƙwabcin rumfarsa har aka sa baki: shi ya ce "we win them" daidai ne, maƙwabcin ya ce kuskure ne. Yana so a raba gardama.

To Alhaji, sai haƙuri, maƙwabcinka ya fi ka gaskiya a Turancin littafi, ko da yake a Turancin buroka kowa zai gane ka. "Win" da wasa ko kofi take tafiya: "win the match", "win the cup". Abokin hamayya kuma "beat" ake yi masa. Mu ma ai muna da irin wannan, mukan ce an lashe kofi, an doke ƙungiya. Ba a doke kofi. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, "Nigeria beat Bulgaria three-nil", wato ci uku da nema, ranar da Rashidi Yekini ya zura ƙwallon farko ya shiga raga yana riƙe da ita yana ihu. Wannan "nil" ita ce babu a bakin masu ƙwallo. Ba a faɗin ta a lambar waya, kuma masu wasan tanis "love" suke cewa, su ma da nasu salon. Ita kanta ƙwallon "score a goal" ake yi, in an zura maka kuma "concede a goal".

Ka lura da jerin lambobi. A baki, lambar wanda ya yi nasara ake fara faɗa, ko da labarin wanda ya sha kashi ake bayarwa. A wannan gasar dai ta 1994, "Nigeria lost two-one to Italy". Biyun ta Italiya ce, ɗayan namu, kuma an ƙara da "after extra time", bayan ƙarin lokaci. A rubuce kuwa, a allon talabijin ko a jarida, mai masaukin baƙi ake fara sawa a hagu, ko ya ci ko an ci shi. Kunnen doki shi ne "draw". In ɗaya da ɗaya ne a ce "one-all", biyu da biyu "two-all", in babu wanda ya leƙa ragar wani a ce "goalless draw". "Take the lead" shiga gaba, "equalise" farke ci. "Come from behind" kuwa babu misalin da ya kai na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, lokacin da Barazil ke gaba da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, Nijeriya ta taso ta farke, Nwankwo Kanu ya rufe da ta huɗu aka tashi 4 da 3. A wasan ƙarshe kuma aka doke Ajantina 3 da 2.

Sai 'yar ƙaramar kalmar nan "on". A wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a Legas a shekarar 2000, Nijeriya da Kamaru sun tashi biyu da biyu, amma Kamaru ta tafi da kofin, "won on penalties", 4 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya ji "two-all" ya kashe rediyo, ya kwana da rabin labari. "On aggregate" kuma jimillar wasa biyu ce, gida da waje. Da can in jimilla ta zo daidai akan duba "away goals", ƙwallayen da aka ci a gidan abokin karawa, amma hukumar ƙwallon Turai ta soke wannan doka a gasanninta tun 2021. In ka ji mai gardama na kafa hujja da ita a wasan zakarun Turai, ka gaya masa jirgi ya bar shi.

Akwai kuma "by". "Won by two goals" tazara ce, ba adadin ƙwallaye ba. Uku da ɗaya ma tazarar biyu ce. Wannan ta fi muhimmanci ranar zaɓe fiye da ranar ƙwallo. In an ce ɗan takara "won by ten thousand votes", a misali, ba ƙuri'a dubu goma ya samu ba, da dubu goma ya tsere wa na biyu. Sannan "is leading" yana kan gaba ne kawai, ƙidaya ba ta ƙare ba, kuma an sha ganin matasa sun fita titi da ganguna saboda wannan kalma, daga baya murna ta koma ciki. Sai baturen zaɓe ya ce "declared the winner and returned elected" magana ta tabbata. Mutanen Kano ba sa bukatar in fassara musu "inconclusive", sun koye ta a zaɓen gwamna na 2019, lokacin da aka ce bai kammala ba sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna. Ta bambanta da "annulled", sokewa ɗungurungum, irin wadda aka yi wa zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, 1993.

Wasiƙa ta uku gajera ce, amma ita ce ta hana ni sukuni. Wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli daga ƙasar Gumel ta ce an yi wa maigidanta gwajin jini, takarda ta fito an rubuta "positive". Ɗanta na sakandare ya ce mata an koya musu "positive" abu ne mai kyau, "negative" marar kyau, don haka suka ajiye takardar ba su koma asibiti ba. Tana tambaya ko haka ne.

Hajiya, don Allah gobe da sassafe a koma da takardar nan wurin likita. A aji, abin da yaron ya faɗa yana da hanya. A ɗakin gwaji kuwa maganar a juye take. "Tested positive" na nufin an samu abin da aka je nema a cikin jinin. "Tested negative" na nufin ba a same shi ba. In cuta aka je nema, kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta, to "negative" ita ce labari mai daɗi, "positive" kuma tana neman magani. Wasu takardun "reactive" da "non-reactive" suke rubutawa, ta farko ita ce an gani, ta biyu ba a gani ba.

Amma kada hankalinki ya tashi tun ba ki ji daga bakin likita ba, domin a nan ma sai an duba abin da ke kusa da kalmar. In gwajin ciki aka yi wa mace ya fito "positive", ai juna biyu ke nan, sai barka. In an rubuta "O positive" ko "B positive", wannan rukunin jini ne, irin wanda aka haifi mutum da shi, ba ciwo ba ne ko kaɗan. Ba ki faɗa mana wane gwaji aka yi wa maigidan ba, kuma ba aikin rediyo ba ne ya karanta wa mutum takardar asibiti daga nesa. Ki tafi tare da shi, ku tambayi likita ko malamin asibiti abu uku da Hausa: me aka gwada, me aka gani, me za a yi yanzu. In an amsa muku da Turanci, ku ce a maimaita da Hausa, haƙƙinku ne. Allah ya ba shi lafiya.

Jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Masu tambaya kan farashin taki da kuma wanda ya aiko daga Maraɗi, wasiƙunku sun iso, za mu karanta su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.